Sandar da Muka Yanka Muka Yi Biro

Har yau ban manta da ranar da wani dattijo daga wajen Kagoro ya durƙusa a ƙarƙashin injina yana tattara dusar katako da tafin hannunsa ba. Ku da kuka zo aiki daga baya kun sha tambayata abin da mutum yake bukata kafin ya fara yin biron katako, ni kuma sai in ce ku nemi wuri ku zauna tukuna. To ga dalilin. Aikin hannuna ya taɓa kusa raba wata baiwar Allah da gidan ubanta, alhali awona daidai ne, yankana ma daidai.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, tanin shi ne a ɗaura katako a inji ya riƙa juyawa da gudu, kai kuma ka kafa cizal kana fere shi har ya fito da siffar da kake so. Da shi ake yin ƙafar tebur da ta gado da sandunan matakala. A wurin aikinmu na nan Kafanchan manaja ne a sama, sai foman na kowane sashe, sai kafintoci. A lokacin ni ne foman na sashen tanin, manajanmu kuwa Oga Dauda ne, mutumin da in ya ga sabon abu a wani gari ba ya samun sukuni sai ya ɗora mana shi.

Shi ne ya dawo daga Jos wata rana da biro na katako a aljihun gaba, da ɗan kwali a hannu. Ya ajiye biron a kan bencina ya ce, "Malam Haruna, za ka iya wannan?"

Na ɗaga na juya shi, na yi dariya na ce, "Haba Oga! Ni da nake fere ƙafar gadon da ƙarti uku za su kwanta a kai, wannan tsinken ne zai gagare ni?"

Ya gagare ni kuwa, har na kusa mako biyu. Na fasa katako ba adadi, Oga yana wucewa yana tambayata ko tsinken ya ba da haƙuri.

Kayan aikin ba su da yawa, kada wani mai shago ya ruɗe ku da tarkace. Inji ne kan gaba. Ƙarami ya fi daɗin aiki, amma mu da babbanmu na ƙafar tebur muka fara, bel kawai muka canza masa ya ƙara gudu. Sai wani siririn tsinken ƙarfe da ake zura katakon a jikinsa kafin a ɗaura, da 'yan zobban ƙarfe masu nuna maka kaurin da za ka tsaya a kai. Waɗannan ba a ƙera su a nan, sai an sayo, haka ma kayan cikin biron, wato bututun tagulla da baki da maƙali da tawada. Su ne abin da ke cikin kwalin Oga. Sauran duk suna cikin akwatin kowane kafinta: zarto, injin huji da bakin da ya yi daidai da bututun, cizal guda mai kaifi da dutsen wasa shi, sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sufa gulu, da bais na matse biron in an gama. Tabarau da takunkumi kuma ba kwalliya ba ne. Wanda guntun katako ya taɓa tsallowa ya mari fuskarsa ba ya gardama a kan wannan.

Yadda ake yi kuwa, za ka yanka katako kamar tsawon ɗan yatsa, gunta biyu ga kowane biro. Ka huda tsakiya, ka goge bututun da sanfefa don gam ya kama, ka zura shi ciki, ka daidaita bakunan. Sannan ka ɗaura a inji ka yi ta ferewa har katakon ya yi daidai da zobban, ka bi da sanfefa, ka shafa sufa gulu hawa-hawa har ya yi ƙyalli, ka matse kayan a bais. Katakon dole ya zama busasshe ƙarau, in ba haka ba bayan kwana biyu zai tsage ya kunyata ka gaban mai kaya. Mu da ragowar maɗaci da ƙirya muke yi, waɗanda da can murhu suke tafiya.

Cikin 'yan watanni biron namu ya fara suna. Masu ritaya da masu biki suka riƙa zuwa, ni kuma, gaskiya, kaina ya fara girma.

A irin wannan lokaci ne, wata ranar Litinin cikin watan Nuwamba, wata mata ta shigo da doguwar aba naɗe a zani. Sunanta Malama Rifkatu, malamar firamare ce a nan cikin gari, amma gidansu yana wani ƙauye a gindin duwatsun Kagoro. Ta kwance zanin, sai ga sanda, tsawonta ya kai kafaɗata.

Ta ce, "Malam, sandan Babana ne. Ya rasu, mun yi biso wata da ya wuce. Mu bakwai ya haifa, duka da noman citta ya sa mu makaranta, shi kansa kuwa sunansa kawai yake iya rubutawa. Ina so kowa a cikinmu ya samu biro daga wannan sanda. Asabar akwai hidimar godiya a coci, ranar zan ba su. Safrais ne, ban gaya wa kowa ba."

Maganar ta taɓa ni ƙwarai. Manomi ya yi wa 'ya'ya bakwai ilimi, yanzu sandarsa za ta zama alƙalami a hannunsu, wane kafinta ne ba zai so wannan aiki ba? Na yi mata duk tambayoyin da sana'a ta koya mini. Akwai ƙusa a ciki? Babu. An taɓa shafa mata baƙin mai ko maganin gara? Ba a taɓa ba. Na ƙwanƙwasa ta a ƙasa na ji ƙararta, na duba ko akwai tsaga. Ƙirya ce, ta bushe ta yi tauri kamar ƙarfe. Kan sandar ya sha hannu har ya lotsa ya yi santsi, na ce a raina, wannan tsoho ya riƙe sandarsa da gaske.

Oga Dauda ya leƙo ya ji labarin, ya ce, "Wannan aiki zai ɗaga sunanmu, Malam. Ka yi shi da hannunka, kada ka ba kowa."

Ranar na sa mata zarto. Na cire kan da gindin mai ƙarfe na ajiye gefe, tunda ba za su yi biro ba, sauran na yayyanka gunta-gunta. Ban taɓa fere katako mai kyan wannan ba. Cikinsa ja ne mai duhu, da wasu layuka baƙaƙe, kuma da ka ɗora sanfefa sai ya fara ƙyalli tun kafin gam. Kowane biro ya fito sai in zagaya da shi sauran sassa ina nunawa.

Ranar Alhamis da hantsi biyar sun kammala, biyu suna jiran inji. Sai ga babura biyu sun tsaya a ƙofa. Malama Rifkatu ta sauko daga ɗaya, idanunta jawur, daga ɗayan kuma wani dogon tsoho ya sauko, da takalmin roba na gona a ƙafarsa. Na ɗauka jimamin rasuwar ne har yanzu bai sake ta ba. Ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, wannan Baba Ishaku ne, ƙanen Babana."

Na gaishe shi na yi masa ta'aziyya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya ce, "Malam, ina sanda?"

Ni kuwa, da yake na zaci ya zo ganin aiki ne, sai na ɗauko farantin da na jera birukan a kai, na miƙa masa ina murmushi, ina jiran yabo.

Ya dubi farantin, ya dube ni, ya ce, "Sanda na tambaya, Malam."

Na ce, "Baba, ai ita ce wannan."

Tsohon ya lalubi benci ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya yi wa Malama Rifkatu wata gajeriyar magana da yarensu, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Na kashe inji. Sauran kafintoci ma suka ajiye kayan aiki.

Sai can Baba Ishaku ya juyo gare ni ya ce, "Malam, wannan sanda ba na yayana ba ne. Riƙo aka ba shi. Kakan kakanmu ya sauko da shi daga kan dutse. Wanda sanda yake hannunsa, shi ne mai magana na ƙarshe a gida, ko aure ne, ko gona, ko faɗa. Asabar ɗin nan, in an tashi daga coci, ni za a sa wa shi a hannu. Kwana biyu muna nema. Har an ce ɗan wani ɗan'uwanmu ya ɓoye don yana son girma, jiya saura kaɗan a fasa kai a gida. Sai yarinyar nan ta ji, ta zo ta gaya mini."

Farantin yana hannuna na rasa inda zan ajiye shi. Sandar da ta wuce hannun kakanni da jikoki ba wanda ya karya ta, ta zo hannuna na gama da ita cikin yini guda, ina ma zagayawa ina nuna wa mutane. Sai a lokacin na gane lotsawar nan ta kan sandar ba aikin hannun mutum ɗaya ba ce.

Malama Rifkatu tana kuka tana cewa, "Baba, ban sani ba. Tun ina ƙarama a hannun Babana nake ganinsa, kowa yana cewa sandan Baba. Mu mata ba ma zama inda kuke miting. Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Gaskiya ta faɗa. Mahaifinta ya riƙe sandar tun kafin a haife ta, ita kuma makarantar kwana ta yi, daga nan sai aiki da aure a gari. A bayan ƙofar ɗakinsa ta gan ta jingine bayan biso, ta ɗauka kamar yadda 'ya take ɗaukar hular ubanta ko agogonsa.

Oga Dauda, da yake mutum ne mai son kashe wuta da wuri, ya matso ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Muna da ƙirya mai kyau a sito. Malam zai fere muku wata irinta sak kafin gobe, mu maƙala mata kan da gindin. Ba wanda zai gane."

Tsohon ya ɗaga kai ya kalle shi ya ce, "Ba wanda zai gane? Ni fa, Oga? In tsaya gaban 'yan'uwana da ƙarya a hannu in raba musu gona?"

Oga ya ja da baya ya koma gefe.

Baba Ishaku ya ɗauki biro ɗaya ya auna shi a tafin hannu. Na kawo masa kan sandar da gindin da guntayen da suka rage. Ya jera su a benci ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Sanda yana da kauri, Malam. Wannan abu siriri ne. Ina sauran?"

Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba ke nan. A aikin biro, abin da yake saura a jikin bututu ɗan ɓawo ne kawai, yawancin katakon cizal ne yake mayar da shi dusa. Sai na nuna masa ƙarƙashin inji da hannu.

Mutumin nan, da shekarunsa da girmansa, ya sauka daga benci ya durƙusa a ƙasa, ya shimfiɗa zanin da aka naɗo sandar, ya fara kwasar dusar da hannu biyu. Wani daga cikin kafintocinmu ya ruga ya ɗauko tsintsiya don ya taimaka, tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "A'a! Kada tsintsiya ya taɓa shi." Sai na durƙusa kusa da shi, Oga ma ya naɗe ƙafar wando ya durƙusa. Muka yi ta ware jar dusar ƙirya daga ta sauran katako, muna bin lungunan injin da yatsa. Ina cikin haka na tuna cewa ranar Juma'a ne masu kiwon kaji suke zuwa da buhuna su kwashe mana dusa. Da mutumin nan ya ƙara kwana ɗaya, a ƙarƙashin kaji zai tarar da sandar gidansu.

Da muka gama ya ƙulle zanin, ya dubi guntayen da ke jiran inji ya ce, "Gama waɗannan biyu, Malam. Kada ya tsaya a rabi." Sannan ya juya ga Malama Rifkatu ya ce, "Ke za ki ɗauka da hannunki, ki faɗa da bakinki gaban kowa ranar Asabar. Abin da gida ya ce, shi ke nan."

Ta ce, "Baba, za su hana ni shiga gidan Babana?"

Ya ce, "Ban sani ba, 'yata."

Na tayar da inji. Na sa a shimfiɗa takarda a ƙasa don kada ko ƙwayar dusa ta ɓata. Tsohon yana zaune yana kallo har na matse na ƙarshe a bais. Suka hau baburansu suka tafi, ita da birukan a jaka, shi da ƙunshin zani a cinya.

Asabar ɗin nan ban iya cin abincin kirki ba. Ina ta tunanin matar nan tsaye gaban dangi ita kaɗai, da aikina a hannunta.

Sai bayan kusan mako biyu ta biyo ta wurin aikinmu daga makaranta, ta ba ni labarin yadda aka ƙare. An yi zama mai zafi. Wasu sun ce kada ta ƙara taka gidan, musamman iyayen yaron da aka yi wa ƙazafin sata. Aka yi ta magana har kowa ya gaji. Daga ƙarshe aka ɗaure kan sandar da gindinta da igiya aka sa wa Baba Ishaku a hannu, tunda dole wani ya rufe magana. Ya miƙe ya ce yarinya ta yi ɓarna babba, amma su da suka yi shekaru suna riƙe da abu ba su gaya wa 'ya'yansu mata ko mene ne ba, su ma su amsa nasu. Ya ce ba za a kore ta ba. Ta durƙusa ta roƙi gafarar yaron da iyayensa gaban kowa. Dusar aka binne ta kusa da kabarin mahaifinta. Birukan kuwa aka ce tunda daga sandar gida suka fito, na gida ne, aka raba wa kowace ƙofa ta zuriyar ɗaya-ɗaya, a ajiye wurin babbanta.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ke fa, Malama, wanne aka ba ki?"

Ta yi ɗan murmushi ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini. Ta ce, "Ba ko ɗaya, Malam. Ni da na so in riƙe wani abu na Babana." Ta yi godiya ta tafi, ni kuwa na daɗe tsaye ban kunna inji ba.

Na ɗauka ƙarshen maganar ke nan. Sai bayan an gama haƙar citta, wata safiya na ɗaga kai na ga Baba Ishaku a ƙofa, Malama Rifkatu tana bayansa. Na ce a raina, yau kuma me na yanka? Ya ciro wata tsohuwar ƙotar fartanya daga buhu, duk ta goge, gefe ɗaya ya tsage, ya ɗora a bencina.

Ya ce, "Wannan na yayana ne, shi ya sassaƙa da hannunsa, da shi ya yi noman cittan da ya sa su makaranta. Na tambayi kowa a gida, ba mai magana a kai. Na zo da kaina don ka ji daga bakina. Yi mata ɗaya."

Ɗaya ɗin kuwa ya fita, da ƙyar, saboda tsagar. Bai kai na ƙirya kyau ba ko kusa. Tsohon ya zauna har na gama, ya karɓa daga hannuna, shi ya miƙa mata. Ta riƙe shi da hannu biyu.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Inji da cizal da gam da sanfefa, duk wanda ya shiga kasuwa zai same su, in wani ya lalace a sayo wani. Katako ne ba ya komawa in zarto ya ratsa shi, kuma mutanen da muke yi wa aiki a wannan ƙasa ba su cika kawo mana tsohon ice don ba su da sabo ba. Ragowar maɗacin sito ku yi ta ferewa yadda kuke so. Amma ranar da aka kawo muku icen da hannu ya riga ya goge, ko da kuka aka kawo shi, ku ajiye zarto, ku ce a zo muku da babban gidan tukuna.